Badaƙalar gwajin sankarar bakin mahaifa a Ayalan: wa ya ɗauki alhaki, wa ya tsira?

A watan Satumban 2024 wata doka ta fara aiki a Jamhuriyar Ayalan, wadda ta wajabta wa asibitoci da likitoci su faɗa wa majiyyaci ko iyalansa gaskiya idan aka samu wasu manyan kurakurai a jinyarsa. Dokar ta samo asali ne daga badaƙalar CervicalCheck, wato shirin gwamnati na gwajin sankarar bakin mahaifa, wadda ta fashe a watan Afrilun 2018. Har yau da yawa daga waɗanda suka ji labarin sama-sama sun ɗauka cewa likitoci ne suka gano mata na da sankara suka ɓoye musu har ta kashe su. Ba haka abin ya faru ba. Abin da ya faru ya fi haka sarƙaƙiya, kuma sarƙaƙiyar ce ta sa tambayar wa ke da alhaki ta yi wuyar amsawa, ta kuma ba masu mulki sararin da suka samu.

Abin da gwajin yake yi, da abin da ba ya iyawa

Gwajin tantancewa ba na marasa lafiya ba ne. Mace ce lafiyayya, ba ta jin ciwon komai, za a aika mata takarda ta je wurin likita ko ma'aikaciyar jinya a shafo ɗan abu daga bakin mahaifarta. A shafa shi a kan ƙaramin gilashi, a kai ɗakin gwaje-gwaje, ma'aikaci ya zauna da madubin ƙara girma yana bin dubban ƙwayoyin halitta da ido, yana neman 'yan kaɗan da suka fara sauya kama. Waɗannan ne kan rikiɗe su zama sankara bayan shekaru idan ba a cire su ba. Aiki ne na idon ɗan Adam, kuma ido yana kuskurewa. Hukumar lafiya ta ƙasar, HSE, da kanta tana bayyana cewa cikin mata 1,000 da aka gwada, kimanin 20 ne ke ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyin, kuma tsohon salon gwajin yana kama 15 ya kuskure 5. Babu ƙasar da shirinta bai da irin wannan giɓin.

An ƙaddamar da CervicalCheck a watan Satumban 2008, kyauta ga mata masu shekara 25 zuwa 60. A lokacin ɗakunan gwaje-gwajen cikin gida ba su da ƙarfin ɗaukar aikin, sakamako kan ɗauki watanni, don haka aka ba kamfanin Quest Diagnostics na Amurka kwangila, daga baya aka ƙara da wasu, ciki har da Clinical Pathology Laboratories da ke Austin a jihar Texas da kuma MedLab a Dublin. Mary Harney ce ministar lafiya a lokacin, shugaban hukumar da ke kula da gwaje-gwajen sankara kuwa shi ne Tony O'Brien. Wasu ƙwararrun ƙasar sun yi adawa da fitar da aikin waje tun a lokacin, suna gargaɗin cewa za a riƙa kuskuren wasu cututtukan.

Shirin yana da wata al'ada ta bita. Idan aka sanar da shi cewa wata mace da aka taɓa gwadawa ta kamu da sankara, sai a ɗauko tsofaffin gilasanta a sake dubawa, don a koyi darasi. Abin lura shi ne ana yin wannan bitar ne bayan an riga an gano cutar, matar tana karɓar magani.

Matar da ta ƙi yin shiru

Vicky Phelan, uwar 'ya'ya biyu da ke zaune a yankin Limerick, ta yi gwaji a 2011 aka ce babu matsala. A 2014 aka gano tana da sankarar bakin mahaifa. A wannan shekarar bitar CervicalCheck ta nuna cewa sakamakon 2011 ba daidai ba ne, amma ba a faɗa mata ba sai a watan Satumban 2017. Takardun da suka fito daga baya sun nuna likitan matan da ke duba ta da shugabar sashen likitanci ta shirin, Gráinne Flannelly, sun shafe fiye da shekara suna musayar wasiƙu kan wane ne ya kamata ya faɗa wa matan, shi yana cewa aikin shirin ne, ita tana cewa aikin likitan da ke jinya ne.

A ranar 25 ga Afrilun 2018 aka sasanta ƙarar da Phelan ta shigar a Babbar Kotu, kamfanin na Texas ya biya Yuro miliyan 2.5 ba tare da amsa laifi ba. An nemi ta sa hannu a yarjejeniyar kama baki, ta ƙi, alhali a lokacin an riga an shaida mata cewa cutar ba za ta warke ba. Da ta sa hannu, da wuya sauran matan su san komai. Allura ta tono garma: cikin 'yan kwanaki aka bayyana cewa mata 208 ne bitar ta nuna da an karanta gwajinsu daidai da wataƙila an ɗauki wani mataki daban, 162 daga cikinsu ba a sanar da su ba, 17 kuma sun riga sun rasu. Daga baya adadin ya kai 221, lambar da ƙungiyar matan da iyalansu ta ɗauka a matsayin suna, 221+.

Laifi uku da aka cakuɗa

Na farko shi ne karatun gilashin. Wani kuskuren iyakar gwajin ne, wani kuma sakaci ne, wato alamar tana fili yadda duk ƙwararren da ya san aikinsa ba zai wuce ta ba. Rarrabe su biyun ba abu ne mai sauƙi ba, domin mai bita ya riga ya san matar ta kamu da sankara, don haka idonsa na neman abin da ya san yana nan. A ƙarshen 2019 kwalejin ƙwararrun likitocin mata ta Birtaniya ta sake duba gilasan mata 1,038 da suka kamu da cutar. Ta saɓa da karatun farko a 308, ta kuma ce a 159 an rasa damar hana cutar ko gano ta da wuri. Duk da haka ta ce sakamakon ya yi daidai da abin da ake gani a shirin Ingila. Masu kare shirin sun riƙe wannan jumlar, iyalan matan 159 kuma sun riƙe lambar.

Na biyu shi ne ɓoye sakamakon bita. Wannan bai jinkirta maganin kowa ba, tunda an riga an gano cutar. Amma ya hana mata sanin abin da ke cikin fayilinsu, ya hana su damar neman haƙƙinsu a kotu da wuri, wasu kuma sun mutu ba su sani ba. Wata takardar umarni ta 2016 ta bar wa likitoci su auna da kansu ko su faɗa ko kada su faɗa, ta kuma ce idan matar ta rasu a rubuta sakamakon a fayilinta kawai. Stephen Teap, wanda matarsa Irene ta rasu a 2017 ta bar yara maza biyu ƙanana, sai a 2018 ya ji cewa an yi kuskuren karanta gwajinta har sau biyu.

Na uku shi ne shugabanci: wa ke sa ido kan kwangilolin, wa ke da ikon cewa a faɗa, wa ke kai rahoto ga wa. Wannan ne ya fi shafar 'yan siyasa kai tsaye, kuma shi ne aka fi saurin wucewa a kansa a makonnin farko, saboda bai da fuskar da za a sa a jarida.

Wa ya san me, kuma yaushe

Flannelly ta yi murabus kwana uku bayan shari'ar Phelan. O'Brien, wanda a lokacin ya zama babban daraktan HSE baki ɗaya, ya ƙi sauka da farko, yana cewa saura 'yan watanni wa'adinsa ya ƙare kuma zai yi amfani da su wajen gyara. A ranar 10 ga Mayu abubuwa biyu suka haɗu. Da safe Emma Mhic Mhathúna, ɗaya daga cikin matan da abin ya shafa, uwar 'ya'ya biyar mai shekara 37, ta yi magana a rediyon RTÉ tana bayyana yadda ta shaida wa 'ya'yanta cewa mutuwa za ta yi. Da rana kuma aka miƙa wa kwamitin majalisa mai bin diddigin kuɗin gwamnati wasu takardun cikin gida na 2016, waɗanda suka nuna an sanar da O'Brien batun bitar, kuma a cikinsu akwai maganar dakatar da aika wasiƙu, da neman shawarar lauyoyi, da shirya martani ga kafafen yaɗa labarai idan wata ta fito ta ce gwaji bai gano cutarta ba. Da daddare ya sanar da murabus. Matsayinsa shi ne takardun sun nuna masa cewa ana kan shirin sanar da matan, babu abin tayar da hankali a ciki.

Waɗannan takardun sun isa Ma'aikatar Lafiya ma, har teburin babban jami'in lafiya na ƙasa, Tony Holohan. Ba a kai su ga minista ba. Holohan ya kare wannan da cewa bayanin da ke ciki bai nuna wata barazana ga lafiyar majiyyata ba. Ya ci gaba da riƙe muƙaminsa, kuma shi ne ya jagoranci yaƙi da korona a ƙasar daga 2020.

A nan ne batun alhakin siyasa ya tsaya cak. Leo Varadkar, wanda shi ma likita ne, shi ne ministan lafiya daga 2014 zuwa Mayun 2016, kuma shi ne firaminista lokacin da abin ya fashe. Simon Harris ya gaje shi a ma'aikatar. Dukansu sun ce ba a sanar da su takardun 2016 ba, kuma babu wata shaida da ta fito da ta ƙaryata su. Harris ya samu bayanin shari'ar Phelan 'yan kwanaki kafin a sasanta ta, bayanin da bai nuna masa girman matsalar ba.

A tsarin majalisa irin na Ayalan, minista ne ke amsa tambaya kan duk abin da ya faru a ma'aikatarsa. 'Yan adawa, musamman jam'iyyar Sinn Féin, sun kafa hujja da wannan: idan jami'anka sun san abu irin wannan ba su faɗa maka ba, to rashin saninka ma gazawarka ce. Ɓangaren gwamnati ya amsa da cewa HSE hukuma ce mai zaman kanta a doka, ita ke gudanar da ayyukan yau da kullum, minista manufa kawai yake tsarawa, kuma ba a tuhumar mutum kan abin da aka ɓoye masa. Kowace hujja na da ƙarfinta. Sai dai akwai shawarwari biyu da 'yan siyasa ne suka yanke su da hannunsu, ba jami'ai ba. Gwamnatin da Fine Gael, jam'iyyar Varadkar da Harris, ke jagoranta ce ta rushe hukumar gudanarwar da ke sa ido kan HSE a farkon shekarun 2010, aka bar babban darakta da manyan ma'aikatansa suna duba kansu da kansu. Kuma a zamanin Varadkar a ma'aikatar lafiya aka janye daga shirin wajabta faɗa wa majiyyaci gaskiya a doka, aka zaɓi barin shi bisa ganin dama, a kan shawarar cewa tilastawa na iya sa likitoci ƙara ɓoye kurakurai. Waɗannan biyun su ne mafi kusa da alhakin siyasa na zahiri a wannan lamari, kuma babu wanda ya rasa kujera a kansu.

Abin da Scally ya tarar

Gwamnati ta ɗauko Dakta Gabriel Scally, ƙwararre kan lafiyar al'umma ɗan asalin Belfast, ya yi binciken share fage. Rahotonsa na Satumban 2018 ya zo da shawarwari 50. Ya ce gazawar ta tsarin ce gaba ɗaya, kuma yadda aka gina shi ko ba jima ko ba daɗe sai ya faɗi. Babu wani mutum guda da ke riƙe da ragamar shirin, manufar faɗa wa majiyyaci gaskiya na cin karo da kanta, kuma an ƙirƙiri bitar ba tare da tunanin abin da za a yi da sakamakonta ba. Ya kuma ji daga bakin matan yadda aka sanar da su a gurguje bayan abin ya fashe. Wasu iyalai da suka je jin bayani kan mamaciyarsu, likita ya riƙa nanata musu cewa tana shan taba, ya kuma ce mata masu zaman zuhudu a coci ba sa kamuwa da wannan cutar. Scally ya ce irin wannan mu'amalar ta yi kusa da ƙyamar mata.

Game da ɗakunan gwaje-gwajen, bai samu dalilin da zai sa a daina aiki da su ba, abin da bai yi wa wasu daɗi ba. Amma ya gano cewa an riƙa tura gilasan matan Ayalan zuwa wasu ɗakunan da CervicalCheck bai ma san da su ba, har Honolulu da Las Vegas. Rahotonsa na 2019 ya ƙirga ɗakuna 16, alhali 6 aka sani tun farko.

Scally ya ba da shawarar kada a kafa babban kwamitin bincike na shari'a da aka yi alƙawari, yana ganin zai ci lokaci a maimakon gyara. Gwamnati ta karɓa. Ta fuskar gyara, shawarar na da ma'ana. Ta fuskar alhaki kuwa, sakamakonta shi ne ba a taɓa zaunar da kowa a ƙarƙashin rantsuwa an tambaye shi dalla-dalla wa ya yanke shawarar me ba. Kuma idan aka ce laifin na tsari ne, kowa na iya amincewa da hukuncin ba tare da ya shafe shi ba.

Alƙawuran da aka yi cikin zafi

Abubuwa biyu da shugabannin suka yi bayan fashewar badaƙalar sun jawo musu suka fiye da abin da ya gabace ta. Harris ya sanar da ƙarin gwaji kyauta ga duk matar da hankalinta bai kwanta ba. Mata suka yi tururuwa, ɗakunan gwaje-gwaje suka cika, samfura kusan 80,000 suka taru, wasu matan suka jira sakamako fiye da wata shida. Masu suka sun ce shawara ce ta siyasa da aka yanke ba tare da lissafin ƙarfin ɗakunan ba, shi kuma ya ce a wancan yanayin na firgici ba zai yiwu a ce wa mata su jira ba. A tsakiyar wannan cunkoson ne wata matsalar kwamfuta a ɗakin Quest da ke Chantilly a jihar Virginia ta shafi sakamakon mata sama da 4,000, kuma nacin wata mace guda da ta yi ta neman nata sakamakon ne ya fito da ita a 2019.

Varadkar kuma ya ce a watan Mayun 2018 babu matar da za a sake jan ta zuwa kotu, gwamnati za ta sasanta da su sannan ta bi kamfanonin. Alƙawarin bai cika ba, domin inda kamfani ya musanta sakaci, gwamnati ba ta da ikon amsa laifi a madadinsa. Ruth Morrissey ta shafe makonni a Babbar Kotu tana fama da cutar. A Mayun 2019 alƙali Kevin Cross ya yanke a biya ta da mijinta kimanin Yuro miliyan 2.1, ya kuma ce bai kamata mai karanta gilashi ya ce lafiya lau ba sai yana da cikakken yaƙini. Likitoci da dama sun firgita, suna cewa wannan ma'aunin zai kashe duk wani shirin tantancewa. HSE da kamfanonin suka ɗaukaka ƙara. A Maris 2020 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ginshiƙin hukuncin, ta fayyace cewa abin nufi shi ne kada a wanke gilashin da ake da shakku a kansa, ta kuma ce HSE ba za ta iya sauke nauyin da ke kanta ta hanyar ba wani kwangila ba. Wannan shi ne wuri mafi bayyana da aka ɗora wa hukuma alhaki a dukan lamarin, kuma alƙalai ne suka yi, ba majalisa ba. Morrissey ta rasu a Yulin 2020 tana da shekara 39.

A ranar 22 ga Oktoban 2019 Varadkar ya tsaya a majalisa ya nemi gafarar matan da iyalansu a madadin ƙasa. An ba su katin jinya kyauta da tallafi, da Yuro 20,000 ga waɗanda aka ɓoye wa sakamakon bita. An kuma kafa kotu ta musamman a 2020 don a rage musu wahalar shari'a, amma ƙungiyar 221+ ta janye goyon bayanta, musamman kan batun matan da cutar ta dawo musu bayan an biya su, kuma ƙararrakin da kotun ta samu ba su kai 30 ba. Harris ya tsallake ƙuri'ar rashin amincewa a Fabrairun 2019, wadda ma a kan tsadar ginin asibitin yara aka kawo ta, ya kuma zama firaminista a Afrilun 2024. Phelan ta rasu a ranar 14 ga Nuwamban 2022, wata shida kafin a sa hannu a dokar da ta yi ta nema.

Abin da ya sauya ga mata

Tun Maris 2020 gwajin farko ya koma neman ƙwayar cutar HPV, wadda ke haddasa kusan dukan sankarar bakin mahaifa, kuma na'ura ce ke yinsa. Sai an same ta ake duba ƙwayoyin halitta da ido. A lissafin HSE wannan salon yana kama 18 cikin 20, wato har yanzu 2 na kuɓucewa, kuma takardun da ake aika wa mata yanzu suna faɗin haka a fili. An ɗaga shekarun gwaji zuwa 65, an dawo da hukumar gudanarwar HSE a 2019. Macen da ta kamu da sankara bayan gwaji tana da haƙƙin neman a sake duba tarihin gwajinta, kuma dole a sanar da ita wannan haƙƙin da abin da aka gano. Wajabcin faɗar gaskiya bai shafi kowane kuskure ba, ya tsaya ne kan jerin manyan al'amura da doka ta lissafa, akasarinsu waɗanda suka kai ga mutuwa.

Akwai farashi a ɗaya gefen. Likitocin shirin sun yi ta kokawa cewa yawan ƙararraki da fargabar shari'a na korar ƙwararru daga fannin, kuma kamfanonin da ke son karɓar aikin sun ragu. Gwamnati ta sa 2040 a matsayin shekarar da take son kawar da cutar, bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙasa da mata 4 cikin 100,000 a shekara, abin da ya dogara ga allurar rigakafin HPV da kuma matan da za su ci gaba da amsa takardar gayyata. An buɗe ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa a asibitin Coombe da ke Dublin a ƙarshen 2022 don rage dogaro da waje, amma ya fara ne da ƙaramin kaso na aikin, aka ci gaba da kai akasarin samfuran wurin Quest a Amurka.